Kati Uku a Kwamfuta Ɗaya: Dabara Ce ko Sayen Wahala?

Da yawa daga cikin ƙananan situdiyoyin titin Gidan Zoo a Kano, da 'yan uwansu na Kaduna da Jos da Maraɗi, an kafa su ne a kan katin sauti mai ƙofa biyu. Ga aikin da aka saba, wannan ya wadatar. Makaɗi ya haɗa kiɗa a fiyano ko a FL Studio, mawaƙi ya shiga ɗaki ya ɗora murya, mawaƙiya ta biyo baya, sannan a bi da amshi ɗaya bayan ɗaya. Makirfo guda ke ɗaukar nauyin kowa. Rigima tana tashi ne ranar da aka kawo aikin da ba ya rabuwa: ƙungiyar makaɗan kalangu da 'yan amshinsu, ko masu bege da mandiri, ko mutum huɗu da za su zauna hira a teburi ɗaya. A nan ana so kowa ya samu makirfonsa da layinsa daban a cikin kwamfuta, domin idan an zo haɗa sauti a iya ɗaga wannan a sauke wancan. Ƙofa biyu ba za ta kai ba.

Sai mai situdiyo ya tuna akwai tsohon kati a cikin durowa, abokinsa kuma yana da wani da zai iya ara. Biyu da biyu da biyu, shida ke nan. Kwamfutar tana da ramukan USB da za su ɗauke su duka. Me zai hana a jona?

A kan wannan tambaya masu ɗaukar sauti a gida suka daɗe suna jayayya, tun zamanin da ake cusa katunan a cikin cikin kwamfuta, kuma har yau ba a rufe maganar ba.

Masu cewa a jona hujjarsu ta farko aljihu ce, kuma ba hujjar rainawa ba ce. Kayan sauti daga waje ake shigo da su, da dala ake biya, kuma tun da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yunin 2023 kuɗinsu ya yi tashin gwauron zabo. Kati mai ƙofa takwas sai an tara kuɗinsa gaba ɗaya. Ƙananan kuwa ana tsintarsu ɗaya bayan ɗaya, yau a gwanjon Alaba, bayan wata shida a wani shago a Sabon Gari. Wanda ya riga ya mallaki biyu, in an ce ya ajiye su ya sayi babba, an ce masa ne ya zubar da abin da ya sha wahala ya tara. Suna kuma da wani lissafin: idan babban kati ɗaya ya ƙone, situdiyo ya tsaya cak har sai an samu wani, alhali mai ƙanana uku in ɗaya ya mutu zai ci gaba da lallaɓawa da biyu. A ƙasar da wuta ke zuwa da ƙarfi ba sallama, kuma mai gyaran irin waɗannan kaya ba a kowane gari yake ba, wannan magana tana da nauyi. Da babu, in ji su, gara ba daɗi.

Suna kuma kafa hujja da tarihi. A ranar 10 ga Fabrairun 1967 ƙungiyar Beatles ta shigo da makaɗa 40 situdiyon EMI da ke Abbey Road a Landan domin waƙar "A Day in the Life". Na'urorin tef na situdiyon layi huɗu-huɗu ne, kuma layukan sun riga sun kusa cika. Mai shirya waƙar, George Martin, ya nemi a tafiyar da na'ura biyu tare, injiniya Ken Townsend kuma ya samo hanyar yin haka. Bayan shekara 25, kamfanin Alesis na Amurka ya fito da ADAT kasuwa a 1992: na'ura mai ɗaukar layi takwas a kan kaset ɗin bidiyo na S-VHS, wadda ake iya jona har 16 a samu layi 128. Da irinta aka ɗauki kundin Jagged Little Pill na Alanis Morissette a situdiyon gidan Glen Ballard, kundin da ya fito a 1995 ya kuma sayu miliyoyi. Tara ƙananan na'urori a samu layi da yawa, a cewarsu, shi ne ainihin hanyar da ɗaukar gida ta bi ta girma.

Hujja ta uku ita ce masu ƙera manhaja da kansu sun buɗe wannan ƙofa. Tun 2005 Apple ya sa wa kwamfutocin Mac hanyar haɗa katuna da yawa su bayyana wa manhajar ɗauka a matsayin kati ɗaya, a cikin Audio MIDI Setup. A Linux akwai JACK, wanda Paul Davis ya jagoranci rubutawa, da ƙananan kayan aiki irin su zita-ajbridge na Fons Adriaensen da ke ƙara masa kati na biyu da na uku. PipeWire da ya zo daga baya yana yin wannan aikin kusan ba tare da an roƙe shi ba. A Windows akwai ASIO4ALL na Michael Tippach, kyauta. Kamfanin Rode na Ostireliya ma a 2021 ya fitar da manhajar Rode Connect da ke karɓar makirfonsa na USB har huɗu a kwamfuta ɗaya, kowannensu kuwa ƙaramin katin sauti ne mai zaman kansa. In abin ba ya aiki, me ya sa duk waɗannan suka ɓata lokacinsu?

Masu adawa ba su musa ko ɗaya daga cikin wannan ba. Abin da suke cewa shi ne an manta da agogo.

Katin sauti aikinsa awo ne. Yana duba ƙarfin wutar da makirfo ke turowa ya rubuta lamba, sau 44,100 ko sau 48,000 a kowane sakan. Abin da ke gaya masa lokacin kowane awo wani ɗan mitsitsin dutse ne da ke kaɗawa in an ba shi wuta, irin wanda ke cikin agogon hannu mai batir. Ba a taɓa samun biyu daga cikin duwatsun nan da ke kaɗawa daidai wa daida ba, ko da kamfani ɗaya ya ƙera su rana ɗaya. Bambancin ƙanƙani ne, 'yan gomomi cikin miliyan, kuma yana motsi da zafin ɗaki. Kati ɗaya shi kaɗai, ba wanda zai taɓa jin wannan kuskure, domin duk layukansa tare suke yin sa. Da zarar katuna sun zama biyu, kowanne yana ƙirga nasa 48,000 ɗin da nasa sakan ɗin.

A ɗauka bambancin kati biyu ya kai 50 cikin miliyan. A kowane sakan ɗaya zai riga ɗaya da awo 2.4. Wannan ba komai ba ne a kunne. Amma bayan sakan 20 tazarar ta kai kashi ɗaya cikin dubu na sakan, bayan minti biyar ta kai kashi 15 cikin dubu, bayan awa guda ta kai kashi 180 cikin dubu, wato kusan kashi ɗaya cikin biyar na sakan. Duk wanda ya taɓa bin shanun huɗa ya san abin: idan takun ɗaya ya ɗara na ɗaya da ɗan kaɗan, a bakin gona ba a ganin komai, sai an kai ƙarshe a waiwaya a ga kunya ta karkace.

Wani zai ce kashi ɗaya cikin dubu na sakan ai ba ya jiyuwa. Da a ce layukan biyu ba su da alaƙa, da gaskiyarsa. Amma a ɗakin da ake kaɗa kalangu, makirfon mawaƙi yana jin kalangun, makirfon kalangun kuma yana jin mawaƙin. Sauti ɗaya ya shiga ta ƙofa biyu. Idan aka haɗa sauti da kwafin kansa wanda ya makara da kashi ɗaya cikin dubu na sakan, wasu sassansa suna cinye juna: na farko a wajen kaɗawa 500 a sakan, sai 1,500, sai 2,500, haka dai. Murya ta zama siririya, kamar daga cikin bututu take fitowa. Ko da kati ɗaya ana samun wannan, tunda sauti yana tafiyar kusan mita 343 a sakan, makirfon da ya fi nisa da santimita 34 ya riga ya makara da wannan gwargwadon. Sai dai wannan makarar a tsaye take. Injiniya zai matsar da makirfo ko ya ɗan ja layin a kwamfuta, shi ke nan. Ta kati biyu kuwa tafiya take yi. Wuraren da ke cinye juna suna sauka a hankali tsawon waƙar, sai a ji wani shuuu yana yawo a cikin kiɗan. A minti na biyar, bisa lissafin da ya gabata, kamar an ɗauki makaɗin an matsar da shi mita biyar ne daga inda ya fara. Kalangu kuwa, wanda maganarsa ke cikin hawa da saukar muryar fata idan makaɗi ya matse tsarkiya da hammata, shi ne zai fi cutuwa, domin ainihin abin da ake saurara a jikinsa shi ake taɓawa.

Wannan idan manhajar ta bar layukan sun rabu ke nan. Idan kuwa ta dage sai ta riƙe su tare ba tare da gyara na gaskiya ba, lokaci-lokaci za ta jefar da awo ko ta maimaita wani, kowanne kuma yana fitowa a matsayin ƙas. Mugun abin shi ne ƙas ɗin ba ya zuwa da wuri. Ana gwaji na minti ɗaya a ji lafiya lau, a kira makaɗa, a yi ɗauka mai kyau ta minti goma sha biyu, sai bayan sun tafi a sa kunne a same shi jefi-jefi a tsakiyar baitin da ya fi kowanne daɗi.

Haka nan mai ɗora murya a kan kiɗa bai tsira ba in yana sauraron kiɗan ta wani kati yana ɗauka ta wani. Yana bin agogon da yake ji a kunne, ana rubuta shi da wani agogon daban. A gajeriyar waƙa ƙila a wuce lafiya; a doguwar ƙasida ƙarshenta zai zame daga kan kiɗa.

Ga masu Windows, waɗanda su ne mafiya yawa a situdiyoyinmu, akwai ƙarin shinge. Tsarin ASIO, wanda kamfanin Steinberg na Hambag ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1990 domin sauti ya riƙa shiga da fita ba jinkiri, yana ba manhaja damar riƙe direba ɗaya ne kawai a lokaci guda, wato 'yar manhajar da ke haɗa kati da kwamfuta. Cubase ko FL Studio ko Reaper za su ga direban wannan kati ko na wancan, ba duka biyu ba. Audacity ma daga na'ura ɗaya take ɗauka. ASIO4ALL yana zagaye wannan ne ta hanyar ajiye direbobin da masu katunan suka rubuta musamman domin kayansu, ya bi ta ƙofar da Windows ya tanadar wa kowa. Wato an sayi kati mai direba nagari, sannan an ƙi amfani da shi. Sau da yawa sai an ƙara girman ma'ajiyar awo kafin ƙas-ƙas ɗin ya lafa, girman ma'ajiya kuma shi ne jinkiri: awo 128 bai kai kashi uku cikin dubu na sakan ba, 1,024 kuwa ya haura kashi 21, kuma sai an biya wannan a shiga an sake biya a fita. Mawaƙin da ke jin muryarsa tana dawo masa a makare a hedfon ba zai iya sakin jiki ba. Ana magance wannan da sauraro kai-tsaye daga jikin katin, amma kowane kati ƙofofinsa kaɗai yake ji, don haka mai kati uku sai ya nemo miksa ya tara musu sauraron. Kayan da aka ce ana gudun saye sun fara shigowa ta bayan gida.

Sai maganar wuta, a taƙaice. Ramin USB 2.0 yana ba da abin da bai wuce miliamfiya 500 ba, kuma kati mai ciyar da makirfon situdiyo bolt 48 yana buƙatar rabonsa cikakke. Uku a kan rahusar mahaɗa ɗaya, ɗayansu zai riƙa ɓacewa. Kowace ƙarin waya tsakanin na'urori kuma ƙarin hanya ce ga gurnanin wutar gida, mai kaɗawa 50 a sakan, balle ranar da ake kan janareta kuma ba a kafa wayar ƙasa yadda ya kamata ba. Shi ya sa masu adawa ke rufe bakinsu da cewa araha ba ta ado.

To, idan aka koma kan misalan tarihin da ɓangaren farko ya kawo aka dube su da kyau, sai a ga sun fi ƙarfafa ɓangare na biyu. Abin da Ken Townsend ya yi shi ne ya ɗauki wani sauti mai kaɗawa 50 a sakan a kan layi ɗaya na tef ɗin farko, ya ƙara masa ƙarfi, ya tuƙa injin na'ura ta biyu da shi. Na'ura biyu ne, amma gudun ɗaya ke juya ɗaya. ADAT 16 ɗin nan ma da wayar daidaitawa ake jona su, guda tana ba da umarni, saura suna bi. Babu inda aka bar kowace na'ura ta bi agogonta aka kuma samu abin kirki.

Katunan kwamfuta da suka yi suna wajen tarawa haka suke. Dangin Delta na M-Audio, irin su Delta 1010 da Audiophile 2496, direbansu ɗaya yana ɗaukar har kati huɗu ya nuna su a matsayin guda, da sharaɗin a ja waya daga na farko zuwa saura ta S/PDIF ko ta ramin agogo na musamman, a kuma gaya wa saura su daina sauraron nasu dutsen. Katunan HDSP na kamfanin RME na Jamus ma haka, har uku. A zamanin katunan rahusa, wasu masu ƙarfin hali a cikin masu Linux har ciro dutsen katuna na biyu da na uku suke yi da dalma, su ja siririyar waya daga dutsen na farko ta ciyar da su duka. Aiki ne mai haɗari ga kayan, amma yana nuna sun gane inda cutar take. Manyan dakunan watsa labarai na yau, masu na'urori da dama a kan tsarin Dante ko AES67, ta wayar sadarwa suke raba agogo ɗaya ga kowa. Ƙwararru ba su taɓa ƙin tara na'urori ba. Abin da ba sa yarda da shi shi ne tara agogo.

Matsalar ita ce ƙananan katunan USB masu ƙofa biyu, waɗanda su ne a hannun mai situdiyon da ake magana a kansa, akasarinsu ba su da inda za a sa musu wannan waya. Akwai ɗan togaciya a nan: wasu na'urorin USB masu araha suna ɗaukar lokacinsu ne daga bugun da kwamfuta ke aikowa ta wayar USB sau dubu a sakan, don haka biyu irinsu a kan mahaɗa ɗaya za su iya tafiya tare. Waɗanda suka fi inganci kuwa yawanci da nasu agogon suke aiki, saboda shi ke ba da sauti mafi tsafta. Ke nan wani lokaci katin da ya fi kyau shi ya fi wuyar haɗawa da ɗan uwansa.

Saura abin da Apple da Linux suke yi. Manhajar tana zaɓar kati ɗaya ta mai da shi jagora, ta riƙa auna yadda saura ke gaba ko baya, tana sake lissafa awonsu a kan tafiya domin su dace da nasa. Dole a ba masu goyon baya gaskiyarsu a nan: wannan lissafi ya yi kyau ƙwarai a yanzu, kuma kunne ba ya kama shi a murya ko a kiɗa. Layuka ba sa rabuwa, ƙas-ƙas ba ya zuwa in an saita daidai. Abin da bai tabbatar ba shi ne tazarar da ke tsakanin katunan ta zauna a kan awo ɗaya tak, ko ta dawo daidai yadda take in an kashe an kunna. Ga hira ta mutum huɗu, kowa da makirfo a bakinsa, ɗaya na magana saura na saurare, wannan ba ya cutar da komai, kuma nan ne Rode Connect ya nufa. Ga fiyano ko jita mai shiga ta waya, wadda ba ta jin ɗaki, haka. Ga mawaƙi da aka killace a wani ɗaki daban, haka. Ga makirfo biyu da aka kafa hagu da dama a gaban 'yan amshi, ko uku a kewayen ganguna, raba su tsakanin kati biyu ganganci ne.

Daga nan wata ƙa'ida mai sauƙi ta fito, wadda wanda dole ta sa shi jonawa zai iya riƙewa: duk makirfon da ke jin abu ɗaya su zauna a kati ɗaya. Kuma a ari dabarar masu fim, wadda 'yan Kannywood ma suka sani: tafi ɗaya mai ƙarfi a farkon ɗauka, wani a ƙarshe, kowane makirfo ya ji. Da waɗannan alamu biyu ana iya daidaita farkon layuka, a kuma ɗan miƙe ko a tsuke wanda ya zame har ƙarshensa ya dace. Yana cin lokaci, kuma ba ya maido da abin da aka jefar, amma yana ceto hira ko wa'azi ko karatu.

Akwai murya ta uku a muhawarar da ba a cika ba ta dama ba: shin lallai sai layi shida? Bruce Springsteen ya ɗauki kundin Nebraska na 1982 a ɗakin gidansa a New Jersey da Portastudio 144, na'urar kaset mai layi huɗu da kamfanin TEAC ya fitar a 1979. Abin da ya rage mana na Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo ma an ɗauke shi ne ƙungiya tana wasa tare, makaɗa da 'yan amshi sun san inda kowa zai tsaya da yadda zai sassauta in ubangida ya buɗe baki. Miksa mai ƙofa takwas da ke zuba komai cikin ƙofa biyun katin da ake da shi, a hannun mai kunne, za ta ba da sauti mai rai a kan agogo ɗaya. Farashin wannan hanya shi ne ba gyara daga baya: in ɗan amshi ɗaya ya yi ƙarfi, haka zai zauna har abada. Wanda ke ɗaukar ƙungiyar da ya sani, a ɗakin da ya sani, zai iya ɗaukar wannan kasada. Wanda aka kawo wa baƙin makaɗa da awa biyu kacal yana da hujjar neman layi daban-daban.

Mai wannan rubutu yana ganin amsar ta danganta da ko an riga an sayi kayan ko yanzu za a saya. Wanda ke da kati biyu a hannu, aikinsa kuma hira ce ko darasi ko ɗora kayan kiɗa masu waya, musamman in yana kan Mac ko Linux, ya jona abinsa, ba wanda zai ce ya yi laifi. Wanda ke shirin fitar da kuɗi ya sayi ƙaramin kati na biyu domin ƙara ƙofa, gara ya haƙura ya sayar da na farkon ya cika. Abin da ya kamata ya nema shi ne kati mai ramin ADAT, domin na'urar Alesis ta tafi amma wayar haskenta ta zauna: siririyar waya ɗaya tana ɗauke da layi takwas a kan awo 48,000, ko huɗu a kan 96,000, kuma agogo yana tafiya a cikinta tare da sautin. Scarlett 18i20 na Focusrite da UMC1820 na Behringer kowanne yana da ƙofar makirfo takwas da wannan rami. Ranar da aka samu hali aka ƙara akwati irin ADA8200, an samu 16, kwamfuta kuma kati ɗaya da direba ɗaya take gani. Sayen kaɗan-kaɗan ɗin da ɓangaren farko ke karewa yana nan, an dai fara shi ne daga inda zai iya girma.

Inda bai kamata a sassauta ba shi ne ɗaukar da ba za ta maimaitu ba. Manyan makaɗan gargajiya suna ƙarewa. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015, kuma dattawan da suka rage a fadoji da ƙauyuka ba kullum ake samun tara su da mutanensu a ɗaki ɗaya ba. Ranar da aka samu, a ari babban kati ko a yi hayarsa, ko a bi ta miksa, amma kada a ɗora wannan rana a kan katuna uku da ba a san halin tafiyarsu tare ba.

Sanin halin nasu kuwa ba ya cin ko kwabo. A ɗauki bugu ɗaya mai kaifi daga fiyano, a raba wayarsa ta shiga kowane kati, a sa shi ya riƙa maimaituwa, a bar ɗauka ta yi tsawon da ainihin aikin zai yi, da zafin ɗakin da wutar da za a yi aikin da ita. Sannan a buɗe layukan a manhaja, a zuƙo hoton sautin har a ga awo ɗaiɗai, a gwada tazarar bugun farko da ta bugun ƙarshe. A kashe kwamfutar, a kunna, a sake. Idan tazarar ɗaya ce a farko da ƙarshe, kuma ta dawo yadda take bayan an sake kunnawa, ana iya rubuta lambar a riƙa cire ta daga kowace ɗauka. Idan ta ƙaru ko ta ragu tsakanin farko da ƙarshe, katunan ba sa kan agogo ɗaya kuma gyaran manhaja ba ya aiki. Idan kuwa ta tsaya a cikin ɗauka ɗaya amma ta sauya bayan an sake kunnawa, haɗin zai yi hira da kayan waya, makirfon ganguna kuma sai su koma kati ɗaya.